Ranar da Bogumila Ta Hana Shuri

Bogumila Kuras 'yar mai haƙar kwal ce a garinmu na kudancin Poland. Tana shekara tara aka kai ta makarantar rawa, inda malamar ke gyara ƙafar yara da sandar goge ƙasa. Ta fito gwana. Tana da ashirin da huɗu idon sawunta ya karye a kan dandamali, ta ƙarasa wasan a haka, daga nan ta koma tsara wa wasu rawa.

Rawarta ta zamani ce, babu murmushi a ciki. Mutum ya rugo ya daki bango, ya zube, wani ya ja shi ta gashi. Mari kuwa na gaske ake yi, don ta ce 'yan kallo na layin baya ma suna da kunne. Cikin shekara goma sha tara tana shugabancin ƙungiyar rawa ta gari ta karɓi lambobin yabo huɗu, 'yan rawarta suka samu karayar haƙarƙari bakwai.

Da wata 'yar rawa ta rasa haƙora biyu ta kai ƙara, hukumar gari ta rubuto: ta sake taɓa wani, ta bar kujerar. Ranar buɗe sabon wasa aka turo wani jami'i, Zygmunt Wrona, ya zauna bayan labule yana kallo.

A irin wannan rana, bisa camfin masu wasa, shugaba kan bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da shurin gwiwa a ɗuwawu don kawo sa'a. Ba a yi wa mutum fatan alheri, shi kuma ba ya godiya. Wanda ya gode ya kashe wasan. 'Yan rawa goma suka jera, suka sunkuya. Bogumila ta dubi jami'in, ta haɗe hannuwa a baya.

"Ina muku fatan nasara," in ji ta.

Wata ta fashe da kuka. Irek, babban ɗan rawarta, wanda ya shekara goma sha biyu yana shan dukanta, ya miƙe.

"Shugaba, wane laifi muka yi miki? Ina shurina?"

"Wuce ka tsaya a wurinka, tsohon doki."

"Kin fasa mini baki a kan na makara minti biyu, yau da duka ke da amfani kike jin kunya? Don wannan mai fuskar dankalin?"

"Ni nake nan a madadin hukuma," in ji Wrona.

"To hukuma ta taso ta shure ni!"

"Irek, na ce wuce."

Irek ya rusuna har ƙasa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To, ranki ya daɗe, na gode. Na gode ƙwarai."

Bogumila ba ta bi ta gwiwa ba. Goshi ta sa masa a hanci, aka ji ƙas. Ya faɗa kan jami'in, kujera ta karye, Bogumila ta bi Irek da takalmi tana ihu: "Janye! Janye godiyar, ɗan banza!" Sai da mutum uku suka riƙe ta.

"Na janye," in ji Irek, yana tofar da jini, fuskarsa cike da farin ciki.

Ya yi rawar awa guda jini na ɗiga a farar rigarsa. Jaridu suka yaba wa mai yi wa 'yan rawa kwalliya, wai jinin kamar na gaske. Wrona, da kafaɗa a goce, ya rubuta rahotonsa da hannun hagu, ranar Litinin aka karɓe mabuɗan ofis daga hannun Bogumila.

Yanzu tana koya wa tsofaffi motsa jiki a wani gidan jinya. Ta kan tsaya nesa da su taku uku, bisa sharaɗin aikin.