Tafiyar ɗauko mai gyaran zoɓo

Mun tashi da asuba daga Gagarawa, ni da maƙwabciyata da za ta gaisuwar rasuwa a Gumel. Ni ba ziyara ta fitar da ni ba. 'Yar yayana ce, mai shekara sha biyar, ciwon baya ya kwantar da ita, har ƙafar hagu ta fara ja. Uwarta ce ta kira ni a ɓoye.

Direbanmu kamar ya yi rantsuwa ba ramin da zai wuce bai gaisa da shi ba. A tashar Gumel na sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Na hau motar Sule Tankarkar, daga can ɗan acaɓa ya ratsa yashi da ni zuwa ƙauyenmu. An gama girbi, sai riɗi a jingine yana shan rana.

Na tarar da ita rub da ciki a kan tabarma, wanta, ƙaton saurayi, yana tsaye a bayanta yana takawa. Haka ake yi a wajenmu in baya ya riƙe. Ita kuwa ta cusa gefen zani a baki don kada a ji kukanta. Na daka masa tsawa ya sauka.

Aikinta gyaran zoɓo ne a wani sito a Maigatari. Mota ke kwasar su da safe, ita da sauran 'yan matan ƙauyen, su wuni a durƙushe suna tsince kara da tsakuwa, da la'asar su ɗaga buhuna.

Yaya ya ce, "Ke ma dai, yarinya ƙarama wane baya gare ta? Son jiki ne."

Na ce, "Yaya, son jiki ba ya jan ƙafa."

Mun kwana ba ma magana. Da gari ya waye sai ga shi da kansa ya ce in tafi da ita. Na yi mamakin saurin saukowarsa, amma ban tsaya tambaya ba.

A asibiti a Gumel likita ya goga mata makulli a tafin ƙafa, ba ta ji ba. Ya ce jijiya ce ta matsu, takawar nan kuma ta ƙara dagula ta. Ya hana ɗaukar kaya da dogon durƙuso, ya hana wuni a kwance. Ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in za ta ɗauki abu a ƙasa ta lanƙwasa gwiwa maimakon ƙugu. In fitsari ya fara kufce mata, a kawo ta nan take. Ya rubuta mana hoto a Kano. Na tambaye shi ko ƙafar za ta dawo.

Ya ce, "Sai mun gani, Hajiya. Da kun zo tun ciwon yana baya kaɗai, da da sauƙi."

Na bar ta wajen maƙwabciyata, na wuce Maigatari in shaida wa shugabar matan siton kada su jira ta. Tireloli sun yi layi har bakin iyaka. Cikin siton tsami ya cika hanci, mata da 'yan mata birjik a ƙasa, hannuwa jajur. Na samu shugabar na isar da saƙona, na ce mata me zai hana a sa musu tebur su yi a zaune. Ta yi dariya, ta dafa ƙugu ta miƙe da ƙyar.

Ta ce, "Baiwar Allah, ai ba ma jiran ta. Ga can."

Na duba inda ta nuna. Ƙanwar yarinyar ce, 'yar sha biyu, a durƙushe, da faranti a gabanta. Ta ɗago ta ce, "Sannu, Gwaggo," ta mai da kai.

Na kira Yaya a waya, ya ce, "Ki kula da babbar. Gurbin ne ba za mu bari wani gida ya ɗauka ba."

Na koma Gumel na ɗauko babbar, mun iso Gagarawa bayan magariba. Yanzu kullum da safe tana zagaya tsakar gidana tana dafa bango, ƙafar tana biyo ta a baya. Abin da na koyo shi ne, in yaro ya ce bayansa na ciwo, a yarda tun yana faɗa da baki. Raina bai daina ɓaci ba. Jiya ta tambaye ni ko likitan zai yarda ya duba ƙanwarta tun kafin ƙafarta ta fara ja.