Sifirin da Eusebio Ya Rataya

Duk wanda ya taɓa kallon besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, a garinmu, nan gabashin Kuba, ya san hannun Eusebio ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mutumin da ke cikin allon sakamako, wani akwatin katako mai zafi kamar tanda. Yana leƙen fili ta 'yar taga, in zagaye ya ƙare ya rataya lambar kwano. Garaje ne halinsa. Kofi ma a tsaye yake kwankwaɗa, ya ƙona harshe, ya ɗora wa kofin laifi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma duk da haka ina ƙaunar mutumin.

Ɗansa Nicanor ne mai jifa a ƙungiyarmu, shi ke jefa wa masu dukan abokan hamayya ƙwallo. Wata Lahadi a 1953, wani Ba'amurke mai farautar 'yan wasa ya zo takanas don ya gan shi. In yaron ya burge shi, sai Amurka, an rabu da saran rake ke nan.

Ranar Nicanor ya yi jifa kamar ba gobe. Zagaye takwas, ba wanda ya bugi ƙwallonsa ya tsira ba a fitar da shi ba. Mu kuwa in mai jifa ya hau irin wannan hanya, ba a furtawa, don kada a karya masa sa'a. Ba a yabo, ba a zama kusa da shi, mai rediyo ma kewaye-kewaye yake yi har a tashi.

A zagaye na tara, na ƙarshe, muna gaba da ci ɗaya, saura mutum guda a fitar mu ci wasan, sai haƙurin Eusebio ya ƙare. Ya rataya wa ƙungiyar baƙi sifirinsu na zagayen tun ba a gama ba.

Caridad mai gyaɗa ta ɗora hannu a ka.

"Eusebio, uban 'yan garaje! Cire shi, ka kashe yaron nan!"

"Rana ce ta dafa masa ƙwaƙwalwa a akwatin can," in ji wani a bayana.

Ya cire, amma aikin gama ya gama. Mai duka ya aika ƙwallo tsakiyar fili ya tsira, na bayansa ya haurar da ita katanga. Biyu da ɗaya, baƙi sun wuce mu. Ba'amurken ya take guntun sigarinsa ya kama hanyar tasha.

Daga ranar gari ya raɗa wa Eusebio suna Sifiri. Bai sake hawa allon ba, ya koma dakon sukari a bakin ruwa. Shi da ɗansa suna cin shinkafa da wake a tebur ɗaya, amma ba sa zancen ƙwallo. To, a ƙasar nan in uba da ɗa ba su yi zancen ƙwallo ba, me ya rage? Tausayinsa ya riƙa cina. Yakan leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, da hannuna na datse wa ɗana hanya." In ce masa camfi ne, ya girgiza kai kawai. Haka ya tsufa.

Ranar da muka binne shi, muna dawowa daga maƙabarta, Nicanor ya jero da ni. Furfura ta fara fito masa, rake ya cinye masa tafin hannu.

"Kawu," ya ce, "tun zagaye na bakwai kafaɗata ta mutu. Allon nan ko kallonsa ban yi ba."

Na ja na tsaya. Raina ya ɓaci.

"Kai, ɗan nan! Me ya hana ka gaya masa?"

"Gari ya samu wanda zai zaga, kuma ba ni ba ne. Na ce bari ƙura ta lafa. Daga baya kunya ta hana ni, kullum sai in ce gobe."

"Goben taka ta yi nisa."

Ya sunkuyar da kai. "Jiya da safe ma na shiga ɗakinsa da maganar a bakina, Kawu. Na tarar Inna ta riga ta rufe masa fuska."