Yadda Kashe Fitilu Ya Cinye Irin Baffa

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata har na kasa tuna yadda suka faru, amma kashe fitilun da na shirya a ƙauyenmu, can yankin Paki, yana nan daram a raina, kuma ba na zaton zai gushe. Zan faɗe shi gwargwadon abin da na tabbatar. Inda nake shakka kuwa, zan ce ina shakka.

Shekarar da na kammala jami'a ce, na dawo gida ina jiran hidimar ƙasa, kaina cike da bayanin yadda hayaƙin masana'antu ke ɗumama duniya. Na gani a waya cewa a manyan birane mutane kan kashe fitilu tare na awa guda domin jawo hankali ga sauyin yanayi. Sai na ce mu ma za mu yi, tunda mu abin ya fi ci: damina ta daina zuwa a kan lokacinta, in ta zo kuma sai ta yanke. Ban yi la'akari da cewa taransifomarmu ta fi shekara a lalace ba. Fitilun ƙauyen duka-duka su ne na sola a masallaci, da janaretan mai shayi, sai tocilan mutane.

Liman ya ba ni dama na yi bayani bayan La'asar. Mai shayi ya ce, "To Malam Boko, mu da muke cikin duhu tun bara, ashe mun riga Turawa fara aikin!" Aka kwashe da dariya. Baffana, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya, bai yi dariya ba. Da muka fito sai ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, wannan abin naka, in an yi shi ruwa zai daidaita?"

Amsar gaskiya ita ce a'a, domin abin tunatarwa ne kawai. Amma ina son ya halarta, don in ya zo sauran dattawa za su biyo shi. Sai na ce, "Baffa, yana taimakawa." Iyakar abin da na furta ke nan. Na sha juya shi a raina ina neman mafaka, ban samu ba.

Ina jin ranar Asabar ce, bayan Isha'i. Mai shayi ya kashe janareta, ladan ya kashe fitilar masallaci, mata a gidaje suka kashe tocila. Muna zaune a kan tabarmi sai wani dattijo ya fara istigfari, jama'a suka amsa. A nan na gane cewa sun ɗauki abin kamar roƙon ruwa ne. Ban gyara musu ba. Murna ma nake yi an cika. Hoton da na ɗauka don nuna wa abokan karatu baƙi ƙirin ya fito.

A wajenmu ana yin binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Baffa yana da irin dawa kaura da ya gada daga kakanmu, kowace kaka shi yake zaɓen zangarniya mafi kyau ya rataye a rumbu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: rabi binne, rabi a ajiye har ruwa ya zauna. Kwana biyu bayan taronmu hadari ya taso daga gabas, sai Baffa ya binne irin gaba ɗaya. Ba na wurin. Matarsa, Inna, ita ta ba ni labari. Ta ce masa, "Malam, ka rage ko tiya guda ce mana." Ya ce, "Yaron nan karatun abin ya yi, kuma ya ce yana taimakawa."

Ruwan ya sauko, ɗan kaɗan, daidai wanda zai sa iri ya tsiro. Daga nan sama ta ɗauke. Ni na ƙirga kwana goma sha tara, Inna ta ce ashirin da ɗaya ne. Na raka Baffa gona da hantsi, ya durƙusa ya tuge tsiro guda, ya murza shi a tafin hannu ya zama gari. Na ce, "Baffa, ka yafe mini, ban faɗa maka gaskiya duka ba." Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Ruwa na Allah ne, ɗana. Amma da ka ce mini ba ka sani ba, da na rage."

Na yi ta cigiya har Furana da Kurmin Kogi, na samu kaura iri-iri, amma ba irin tasa ba. Ya shuka ta kasuwar Ikara. Har ya rasu bai ƙara tambayata wani abu game da noma ba.

Damina tana nan tana yankewa, kuma ban ga alamar za ta daina ba. Abin da na koya mai ɗaci ne: mutumin da ya yarda da karatunka, abincin gidansa yake ɗorawa a kan maganarka. In ya tambaye ka, ka ba shi amsar gaba ɗayanta, ko da za ta sa ka zauna a taronka kai kaɗai.