Goyon Maigida

Amalanken jaki ne ya kayar da ni a hanyar dawowa daga kasuwar Urafane, na sauka daɓas a kan mazaunaina. A asibitin Tasawa lokotoro ya ɗaga hoton ƙashin bayana, ya nuna mini gaɓa ɗaya da ta lotse. Ya ɗaure ni cikin korse, wata riga mai tauri kamar sirdi, ya ce ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba goyo. Daka da ɗiban ruwa ban yi kewarsu ba ko kaɗan. Goyon ne ya tsaya mini a rai, don ɗiyata ko rarrafe ba ta gama koya ba, kuma ba ta san barcin rana ba sai a bayana.

Surukata ta gwada, ƙanwar maigida ta gwada, yarinya ta ce ba ta san zancen ba. Tana tsala ihu tana miƙo mini hannu, ni ina kwance kamar gungume. Tsoro ya kama ni, kada kafin in warke ta manta da bayana.

Wata rana da azahar maigida ya dawo daga gona, ya tsaya yana kallonmu. Sai ya ja ƙyauren zaure ya ce, "Miƙo man zanen ga."

"Mi za ka yi da shi?"

"Ke dai miƙo."

Mutumin da ko tulu bai taɓa ɗagawa a gidan nan ba! Ya ɗora ta a baya, ya ɗaure zane a cikinsa kamar mai shirin kokawa, yarinya ta zame har gindin bayansa. Ina kwance ina ba da umarni, dariya tana soka mini ƙashi. Da ya samu majanyi ya ɗauru, ya shiga zagaya rumbu yana wani gunji wai waƙa. Ta yi barci.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan darni aron rariya, kafin la'asar gari ya ɗauka. A majalisa suka sa masa suna uwar goyo. Bai fasa ba, ƙyauren ma ya daina ja. Na ji daɗi, amma in faɗi gaskiya na yi kishi.

Sai bayan an kai gero rumbu lokotoro ya ce in gwada goyo, kaɗan kaɗan. Lokacin yarinya ta fara tafiya. Na durƙusa mata. Ta tsaya tana kallon ubanta, ta kalle ni, sannan ta hau, ta shinshina wuyana, ta kwantar da kunci.

Na juya in yi masa gori, sai na gan shi tsaye da majanyi a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Ya matso ya gyara mini ɗaurin, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Ki ja shi sosai nan gefen. Ta hagu take zamewa."