Ranar da Kawu Ya Hau Raƙumi

Matso nan, ga gefen tabarma, ka kife wayar nan tukuna. Labarin Barau Na-gani ne na Maigatari, kuma yana son a ba shi kunne duka biyu.

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya gan shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon dattijo ne mai koɗaɗɗen rawani, da 'yar sandar da ba ya dogarawa, sai dai ya yi nuni da ita. Dillali ne ɗan dillali. Tun bai fi maraƙi tsawo ba yake bin mahaifinsa kara yana riƙe igiya, har ya kai in ya kalli sa sau ɗaya zai gaya maka rugar da ya fito. Amma ba wannan ne ya ɗaukaka shi ba, masu irin wannan ido suna da yawa. Bakinsa ne ya ɗaukaka shi. A kasuwar kan iyaka, inda dabba ke kwana a wata ƙasa ta wayi gari a wata, babban tsoron mai saye shi ne ya kai gida a biyo shi a ce ta sata ce. To in Barau ya dafa bayan saniya ya ce, "Na gani, na san mai ita," magana ta ƙare. Ba ya rantsuwa. In kuwa bai sani ba, ko ɗan'uwansa ne ya jawo ta, sai ya ce, "Ban gani ba," ya yi gaba abinsa. Da waɗannan kalmomi ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, da su kuma ya samu laƙabinsa.

Abu guda ne ke raba shi da kamun kai, shi ne tsohon wasan barkwancin nan na talabijin, na Kawu Maigwangwani.

Barau yana saurayi marigayi Alhaji Ilu ya sayo talabijin, ta farko a unguwarsu, mai hoto baƙi da fari, mai aiki da batirin mota. Aka ɗaure eriya a kan doguwar gora aka kafe ta jikin katanga. Ranar wasa, da an idar da Magariba sai a fito da akwatin ƙofar gida a ɗora kan turmi, unguwa ta taru. Barau bai taɓa fashi ba. Har yau ya haddace yadda Kawu ke gyara hula in zai shirga ƙarya, da yadda yake tari in an kama shi.

Cikin duk wasannin, na ragon suna ne nasa. In majalisa ta cika bayan La'asar a gindin darbejiya, wani ya ce, "Baba, a ba mu ragon suna," sai ya jingine sanda ya miƙe tsaye.

"Maƙwabcinsa ne ya ba shi ajiyar rago, jibi suna," in ji shi. "Kawu ya ce ai kamar a hannun uwarsa yake. Gari na wayewa ya sake shi ya sha iska, rago ya zarce marina, ya faɗa rijiyar baba, tsundum! Aka fito da shi shuɗi tun daga ƙaho har kofato. Mu dai a akwatin Alhaji baƙi muka gan shi, sai dai muna ji ana ta cewa shuɗi. Ranar suna Kawu ya gyara hula, ya ce wa jama'a wannan irin ragon ƙasashen waje ne, sai mai rabo ake yanka wa. Liman ya shafa bayan rago, ya ɗago hannu, hannu ya rine. Kawu ya yi tari. Aka yi kansa, ya faɗa zaure a guje. Hoto ya ɗan yi rawa, sai ga mutum ta baya, farar riga irin ta Kawu, a kan farin raƙumi, ya nufi tudun rairayi, wata murya kuma tana ta zuba Faransanci!"

Nan majalisa kan ɗauka baki ɗaya: "Kawu ya tsere Faransa!" Haka dattawan wurin ke kiran ƙetaren iyaka. Cindo, makiyayin da suka taso tare da Barau, shi ke fara faɗuwa don dariya, ko da yake ya ji labarin ya fi a ƙirga.

Haka abin yake har ranar da Siddiq, mai shagon cajin waya da ke daura da darbejiyar, ya fito yana murmushi da waya a hannu.

"Baba, albishirinka. Wani ya ɗora tsofaffin wasannin Kawu a intanet. Har da ragon suna."

Aka yi cincirindo a kan 'yar wayar. Abin mamaki, wasan mai launi ne. Barau ya ga ragon shuɗi shar karon farko a rayuwarsa, ya dafe ƙirji. "Kai! Ashe haka yake!" Yana rigan Kawu faɗin kowace magana, bai kuskure ko ɗaya ba. Liman ya shafa, Kawu ya yi tari, ya faɗa zaure.

"To ku buɗe ido," in ji Barau. "Ga raƙumi nan tafe."

Raƙumi bai zo ba. Kawu rumbu ya faɗa ya ɓuya, ƙaiƙayi ya sa shi atishawa, aka zaƙulo shi, aka ba shi soso da sabulu ya yi ta wankin rago har wasan ya ƙare.

Majalisa ta juyo ta kalli Barau. Can Siddiq ya ce, "Baba, ko raƙumin na ɗaure a bayan rumbun ne?"

Dariya ta ɓarke. Barau bai ko motsa ba. "An yanke shi. Na ga raƙumi."

"Ga sunayen 'yan wasa nan suna hawa, Baba. Ina aka yanke?"

Barau ya juya ga abokinsa. "Cindo, kana wurin."

Cindo ya sosa ƙeya. "Wallahi Barau, an daɗe. Yanzu ban sani ba, a akwatin na gan shi ko a bakinka."

Da a gindin darbejiya abin ya tsaya, da sauƙi. Amma kafin mako ya zagayo, matasan unguwa sun samu sabuwar magana. Duk wanda ya yi ƙari a zance sai a ce ya hau raƙumi. Ranar Alhamis wani mahauci daga Gumel ya taya bijimi, ya waiwayi Barau kamar yadda ya saba. Barau ya dafa bayan bijimin ya ce, "Na gani, na san mai shi." Sai wata murya daga bayan turke ta ce, "Har da raƙumin?" Mahaucin ya yi 'yar dariya, ya ce yana zuwa. Barau na kallo ya zagaya wurin wani dillali ya sake tambaya. Tunda yake a kara ba a taɓa bin bayan maganarsa ba sai ranar.

Ya dawo gida tun rana ba ta faɗi ba. Matarsa Tayyiba na tsakar gida tana tsinke zogale. 'Yar ƙetare ce, daga wani gari na wajen Damagaram aka auro ta, kuma har yau talabijin tele take ce mata, dabbobi kuma bisashe.

"Malam, lafiya? Ko kasuwa ce ba ta ci ba?"

Ya zauna kan turmi ya kwashe duka ya gaya mata. Ya ƙare da cewa, "Ni ban yi mafarki ba, Tayyiba. Kamar yadda nake ganinki haka na ga raƙumin nan."

Ba ta ɗago ba. "Fari ne, mai tabo a wuya?"

"Shi."

"Da ɗan akwati ɗaure a gefen sirdi?"

Barau ya miƙe tsaye. Akwatin nan bai taɓa sa shi a labarin ba, don bai san amfaninsa ba. "Wa ya gaya miki?"

"Akwatin allura ne. Sanarwar rigakafin bisashe ce, muna yara kullum sai an sa ta a tele kafin labarai. Mai allura ya hau raƙumi ya nufi ruga. Su fara da Faransanci, su maimaita da Hausa. Ku dai ba ku kai ga Hausar ba."

Sai abin ya fara dawo masa. Damina ce. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso daidai lokacin da Kawu ya faɗa zaure, kuma raƙumin bai yi nisa ba aka fara yayyafi, Alhaji Ilu ya sure akwatinsa ya yi cikin gida. Iskar ce ta murɗa gorar ta fuskanci arewa. Daga baya kowa ya san in gora ta kalli kudu Kano ake kamawa, in ta kalli arewa Damagaram. Amma a lokacin akwatin sabo ne, ba wanda ya san yana jin Faransanci, kuma ba wanda ya sake komawa ya haɗa wannan da wancan.

"Tun zuwanki gidan nan kina ji ina ba da labarin nan," in ji shi.

"Ina ji."

"Ba ki ce komai ba."

"Ka tambaye ni? Kuma naka ya fi daɗi, Malam. Nasu shanu kawai ake yi wa allura."

Da wani ne, a ranar zai ruga majalisa ya fayyace. Barau bai je ba. Ya san aikinsa: mutumin da ake shakkar bakinsa ba ya wanke kansa da bakin. Ya jira Alhamis, ranar da Sha'aibu, yayan Tayyiba, ke ƙetarowa da tumaki. Bai gaya masa komai ba. Da kasuwa ta lafa ya ce masa kawai su je su sha inuwa, ya jawo shi har gindin darbejiya.

"Siddiq, fito. Ga baƙo, daga garke na ɗauko shi, ban ce masa uffan ba. Kai za ka tambaye shi, ni na yi shiru. Ka ce ya gaya muku abin da ake nunawa a telensu kafin labarai, zamanin yana saurayi."

Siddiq ya tambaya yana dariya. Sai fuskar Sha'aibu ta washe.

"Af, mai raƙumin nan? Wa zai manta shi! Farin raƙumi, farar riga, da akwatin allura. Ba a taɓa nuna mana fuskarsa ba, kullum ƙeya. Har wasa muke, wanda duk ya juya mana baya mu ce ga mai allura."

Cindo ya buga cinya ya yi tsalle kamar yaro. "Gorar Alhaji! Iskar ranar nan! Wallahi ni ma na gani, har hulata ta tashi!"

"Yanzu ka gani," in ji Barau. "Da can a bakina ka gani."

Aka yi ta shewa. Siddiq ya rusuna. "Baba, a yi mini afuwa, raƙumi ya tabbata. Amma fa ba Kawu ne a kai ba."

Barau ya nuna shi da sanda. "Yaushe na ce maka Kawu ne? Mutum ta baya nake cewa, farar riga irin ta Kawu. Ku ne kuke ihu ya tsere Faransa."

Aka tsaya aka tuna, sai aka ga haka ne, ko sau ɗaya bai canza lafazin ba. Cewa shi ma a zuciyarsa Kawun ya ɗauka tsawon shekarun nan, wannan tsakaninsa da Tayyiba ne, ita kuwa ka ga yadda take da riƙe magana.

Labari ya riga shi isa kara. Alhamis ta gaba mahaucin Gumel ya dawo, ya taya saniya, ya zo wurin Barau kai tsaye, bai ko kalli wani dillali ba. Sai dai masu lura sun ga sabon abu. Barau bai dafa bayan saniyar nan take ba. Sai da ya zagaya gabanta, ya kama ƙaho ya dube ta ido da ido, ya kuma kalli fuskar wanda ya jawo ta, sannan ya dawo ya ce, "Na gani." Haka yake yi har yau, ko saniyar maƙwabcinsa ce.

A majalisa kuwa gardamar ba ta mutu ba, sabuwa ce ma ta tashi. Siddiq da 'yan bayansa sun ce na rumbu shi ne wasa, tunda shi masu wasan suka shirya, kuma atishawar Kawu kaɗai ta isa dariyar mako. Cindo ya ce mutumin da ya rina ragon suna ya ce na ƙasar waje ne, ai wanke rago ya yi masa kaɗan, ƙetare iyaka ne daidai da shi. In aka matsa wa Barau ya raba gardama, cewa yake shi shaida ne, ba alƙali ba. Wayar na nan a shagon Siddiq, kowa na iya kallo. Amma in La'asar ta yi sanyi, har yanzu sai ka ji wani ya ce, "Baba, a ba mu ragon suna," wani lokacin ma Siddiq ɗin ne da kansa, dattijo kuma ya jingine sanda ya miƙe.

To kai da ka zauna ka ji duka biyu, in ka iso gindin darbejiyar nan aka ce ka zaɓa, a rumbu za ka bar Kawu yana atishawa, ko za ka ɗora shi kan raƙumi?