Kibiya ta huɗu

Shekarun baya masu yawa, wata Talata da ƙarfe tara da kwata na safe, muna mu uku a siton hatsin taimako a Tawa: ni magatakardan sito, da tsohon da ke gadi, da abokina direban kamiyo, babbar motar kai hatsi. Na riƙe lokacin daidai ne domin ɗabi'ata ce in duba agogo in rubuta duk wanda ya shigo. Lokacin fari ne, soja ke mulki, kuma kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da taɓa hatsin talakawa. Ana tafiya da shi, iyalinsa su yi watanni suna tambaya ba mai gaya musu inda yake.

Karatuna bai yi nisa ba, daga satifika, takardar gama firamare, na tsaya. Amma ina son abu a jere. Shugabana, kontabul ɗinmu mai riƙe lissafin kuɗi, wani Kirista mutumin kudu, shi ya koya mini zana hanyar takarda: akwati shi ne wuri ko mutum, kibiya ita ce tafiyar takarda daga hannu zuwa hannu. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na sami bayan wata tsohuwar kalanda, na kwashe Asabar guda ina jan layi, na manna a bango saitin teburina.

Ga abin da zanen ya ce. Kibiya ta ɗaya: biro, wato ofishinmu, ya rubuta takardar fitar da hatsi kwafi uku, fara da ɗorawa da shuɗiya, ya aiko sito. Ta biyu: ni in ƙidaya buhuna, in riƙe fara, in ba direba sauran biyun. Ta uku: direba ya kai wa maigari, maigari ya dangwala yatsa, ya riƙe ɗorawa. Ta huɗu: maigari ya mayar wa direba shuɗiya, direba ya kawo mini, in soke ta a ƙusa. Abokina har suna ya sa mini a kan wannan, sarkin kibau.

A wannan safiyar motar soja ta tsaya a ƙofa. Wani liyetna, wato laftanar, ya sauko da sojoji biyu. Kontabul yana Yamai, saboda haka ni kaɗai ne mai amsa tambaya. Liyetna ya sa aka ƙidaya buhunan da ke ciki, suka yi daidai da littafi. Sai ya juya ya ga kalandata.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, mon liyetna."

"Da kyau. Da kowane sito na da irinsa, da aikina ya yi sauƙi."

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Har na saci kallon abokina in ga ko ya ji.

Liyetna ya ɗebo fararen takardu daga teburina, ya zare shuɗaye daga ƙusa, ya shiga haɗa su biyu-biyu kamar mai jera takalma. Fara ɗaya ta rage ba abokiyar zama. Buhu arba'in na gero, zuwa wani ƙauye gaba da Takanamat, kwana goma sha shida da suka wuce. Ya ɗora ƴar sandarsa a kan zanena ya bi kibau ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya zo ta huɗu. Bakin sandar ya tsaya a kan akwatin da na rubuta direba.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, mon liyetna. Amma ni ban taɓa riƙo shuɗiya ba. Na kai hatsi, anka sauke gaban jama'a, na komo."

"Bango ya ce kai ke kawo ta."

Aka sa shi ya cire takalmi da ɗamara, aka zaunar da shi a ƙasa a bakin ƙofa, cikin rana.

Gaskiya abokina ya faɗa, kuma na sani. Tun da muka fara aikin nan babu maigari ko ɗaya da ya taɓa ba direba takarda mai yatsansa. A wurinsu takardar gwamnati ba abin saƙo ba ce. Sukan adana ta, ran Lahadi in sun shigo kasuwa su biyo ta sito su miƙa mini hannu da hannu, mu gaisa, su sha ruwa. Na yi ƙorafi sau biyu ko uku, sannan na saba. Zanen kuwa ban taɓa shi ba. Na zana abin da doka ta ce, na bar abin da mutane ke yi. Maigarin wancan ƙauyen kuma Lahadi biyu bai zo ba, ban san dalili ba, ban kuma aika tambaya ba.

Abokina ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai ka san hanyar takardar ga. Hwaɗa mishi mana."

Ban ce komai ba. A cikin kaina lissafi nake yi. Na ɗaya, in na yi magana, na amsa cewa na san ana saɓa doka na yi shiru. Na biyu, na amsa cewa abin da ke bangona ƙarya ne. Na uku, in aka je ƙauyen ba a sami takardar ba, ba direba kaɗai za a nema ba, har da wanda ya ƙidaya buhunan. Ina da mata da ƴaƴa biyu da mahaifiyata a gidan haya.

Liyetna ya turo mini farar takarda. "Rubutunka na da kyau. Rubuta abin da muka gani, ka sa hannu."

Na ɗauki alƙalami. Na rubuta rana, na rubuta lokaci, na rubuta waɗanda ke wurin. Na rubuta na ɗaya, na biyu, na uku, duk gaskiya ne. Da na zo na huɗu ya ce in sa cewa direba ya karɓi shuɗiya bai kawo ba. Na ɗora bakin alƙalami, tawada ta taru wuri ɗaya ta yi ɗigo. Ba jarumta ba ce, kada wani ya yabe ni. Hannuna ne ya ƙi rubuta matakin da na san ba a taɓa taka shi ba.

Na ce, "Mon liyetna, kibiya ta huɗu ba haka take ba."

Sai ya ɗauki allin da muke sa wa buhuna lamba da shi ya jefo mini. "Zana yadda take."

A jikin ƙofar ƙarfe na zana, layukan duk a karkace. Daga maigari kibiya ta shiga wani akwati, na rubuta ajiyar maigari. Daga nan ta tafi wani, na rubuta kasuwar Lahadi. Daga nan ta zo gare ni. Direba ba ya ciki ko kaɗan.

"Ka san da wannan, ka bar waccan a bango?"

"Ta fi kyan gani, mon liyetna."

Ɗaya daga cikin sojojin ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri. Liyetna bai yi ba. Ya ce a kai direba jandarmari, ofishin ƴan sandan soja, a ajiye, ni kuma in hau mota. "In akwai takarda, shi ke nan. In babu, ku biyu ne."

Wannan tafiya ban taɓa yin mai tsawonta ba. Ina baya tsakanin sojoji biyu. Gefen hanya ƙasusuwan shanu, rumbuna a buɗe ba komai ciki, wasu gidajen an toshe ƙofarsu da ƙaya an tafi. Ni kuwa tambayoyi nake jerawa. In maigarin ya mutu fa? In ya bi mutanensa kudu? In akuya ta cinye takardar? In ya ga kakin soja ya tsorata ya ce bai taɓa ganin hatsi ba?

Bayan azahar muka isa. Muka tarar da shi a zaure, tsoho ne, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, takardar hatsin nan shuɗiya muka zo nema."

"Ai tana nan, ɗana. Dokina ya mutu, ƙafa kuwa ba ta kai ni Tawa yanzu. Shi ya sa ba ka gan ni ba."

Liyetna ya ce, "Me ya hana ka ba direba?"

Tsohon ya dube shi da mamaki. "Ranka shi daɗe, yatsana na bisa. In ba mai mota? In ta ɓace a hanya, wa za a ce ya ci gero?"

Ya cire hula ya duba cikin naɗinta, babu. Ya laluba aljihun riga na dama, ya laluba na hagu, sai ɗan goro busasshe. Ya ɗaga buzun da yake zaune a kai. Ya ƙwala wa mai ɗakinsa kira ta bayan zana. Ta daɗe, ta daɗe, sannan aka miƙo wani gwangwanin madara mai tsatsa. Ya zazzage. Takardun lanho, wato haraji, na shekara da shekaru suka zubo, a tsakiyarsu ga shuɗiya an ninke ta huɗu. Buhu arba'in, ga yatsa. Liyetna ya kira magidanta uku ya tambaye su ɗaya-ɗaya tiya nawa, wato kwanon awo, kowa ya samu, maganarsu ta zo ɗaya. Ni dai na nemi ruwa na sha.

Sai washegari da hantsi aka saki abokina. An aske masa kai ƙwal, yana ɗingishi, bai gaya mini dalili ba, ban kuma tambaya ba. Ya zo sito ɗaukar takalminsa. Ya tsaya yana ɗaure ɗamara ya ce, "Malam, minti nawa ka yi shiru jiya? Na san ka duba agogo."

Na ce, "Ashirin da biyar."

Ya ce, "To." Ya fita.

Kafin wannan rana kwano ɗaya muke ci kullum da rana. Bai sake zama da ni ba sai da damina ta faɗi. Mun shirya, mun tsufa tare, na bi gawarsa. Amma ko sau ɗaya bai sake tsokanata a kan zane ba, kuma da ya ci gaba da yi da na fi samun sauƙi.

Ni hukuncina bai wuce takardar gargaɗi ba, da umarnin in bi kowace mota ƙauye-ƙauye in sake zanen. Wata guda na yi. Sabon ya fito da kibau tara, ya yi muni, akwai inda layi ya hau layi. Na yi aiki da shi har na bar wurin, ba a sake zaunar da kowa a rana saboda shi ba.

Yanzu jikata tana irin wannan aikin a kwamfuta, takan nuna mini akwatuna masu launi, layuka a miƙe tsaf. Duk sanda na gani sai in tuna da abokina zaune a rana. Saboda haka ina roƙonku, ku da kuke wannan aiki ko kuke da ɗa mai yin sa: kafin ku ja kibiya zuwa akwatin wani mutum, ku tashi daga kujera ku je ku same shi, ku tambaye shi ko takardar ta taɓa shiga hannunsa.