Sabulun Kolej

Ranar Lahadin farko ta watan Oktoba, shekarar da na ci jarrabawar shiga kolej, Baba ya ce shi da kansa zai kai ni Agye, gidan gwaggona inda zan zauna. Motarsa ta girmi uwata. Buhunan gero take ɗauka da awaki, kuma mu yaran gida muke tura ta kowace safiya kafin mu tafi rijiya. Na so a sa ni motar haya, amma wa ya tambaye ni?

Muna fita garinmu Cadawa, daidai inda mata ke tuyar ƙosai, ya taka ambireyaji, wato kuloci, zai canza gudu, ƙafarsa ta zarce har ƙasa kamar ya taka kunu. Motar ta yi gurnani ta tsaya. Ya sa hannu ya ɗago abin takawar, ya sake shi, ya faɗi. Ya shinshina, ya ce ba ƙauri, ke nan ba ƙonewa ba ce. Ya buɗe murfin inji ya leƙa ɗan kofin man ambireyajin, ya tarar ya bushe ƙaf. Sai ya sauko da akwatina ya buɗe a bakin titi, gaban kowa. Ɗan kamfaina, ƙuli-ƙulina, tsumman da Inna ta naɗe ta ce kada namiji ya gani, duk ya baje su yana neman garin sabulun da ta saya mini. Ya dama shi da ruwan buta ya ɗura a kofin, ya kwanta ƙarƙashin mota, ni kuma ya zaunar da ni gurin direba. "Taka, ɗiyata! Riƙe! Saki!" Masu ƙosai suna maimaitawa suna shewa. Ina takawa, hawaye na zuba kan sabon zanena.

Motar ta tashi. A Agye, da saura kwanar titi ɗaya mu isa gidan, ya tsaya gindin dogon yaro, ya ce yashin lungun gwaggo zai riƙe taya. Na san lungun, ba yashi a cikinsa. Ya kalli rigarsa mai baƙin mai, ya ɗora mini akwati a ka.

Yau motar tana bayan rumbu, kaji suna ƙwai a kujerar da na zauna, Baba kuma ko keke gwiwarsa ba ta bari ya hau. A wancan lokacin mako guda na yi ina wanki da aron sabulu, wannan bai dame ni ba. Abin da ke damuna, a ranar har na sha kwanar lungun ban ji ya tayar da mota ba.